Kwamfutocin Aro da Aka Yi Wa Lamba

Edita, bayan gaisuwa, ina roƙon a ba ni fili in sauke abin da ya daɗe yana cina. Lokacin da abin ya faru ni ƙaramin malami ne a sashen kwamfuta na wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a yankinmu. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Ɗan Aliero ne ni, gidanmu gidan manoman albasa ne, kuma ni ne na farko da ya fara tafiya ofis da takalmi sau-ciki, saboda haka kaina ya ɗan yi girma. Ga sabon aure, ga son a ce da ni yaro mai zafin nama. Mai irin wannan hali ba ya wuyar sarrafawa, yabo kaɗan ya ishe shi.

A shekarar ne wata gidauniya ta ba kwalejin tallafi don a kafa ɗakin kwamfuta mai intanet da wutar sola. Na yi murna ƙwarai, domin yawancin ɗalibanmu 'ya'yan ƙauyukan Maiyama ne, irin su Gumbin Kure, kuma da alli nake zana musu kwamfuta a allo in ce su danna nan. Aka naɗa wani babba shugaban aikin, mutum mai taushin murya wanda ba ya kallon idonka in yana magana. Aka yi fenti, aka jera tebura, aka ja wayoyi, amma kwamfutoci kullum suna hanya. Yau a ce motar ɗan kwangila ta lalace, gobe a ce direba ba shi da lafiya. Ban taɓa ganin ɗan kwangilar nan da idona ba, kuma duk ranar da na ɗauko maganarsa sai shugaba ya yi murmushi ya tambaye ni lafiyar amarya.

Rannan sai labari ya zo cewa mutanen gidauniyar za su zo duba aiki, kuma in ba su gamsu ba babu kaso na biyu na tallafin. Shugaba ya kira ni ofishinsa, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya yi ta yabona har na fara jin kunya. Daga nan ya ce ya ji ɗan gwaggona yana da shagon kwamfuta a Jega, me zai hana a aro nasa na yini guda, baƙi su gani su tafi, tunda namu suna hanya? Ban taɓa yi masa maganar shagon ba, amma ga shi har ya san irin kwamfutocin da ke ciki. Sai ya tambaye ni, ranar sunan ɗa a gidanmu duk tabarmin da ake shimfiɗawa namu ne? Na yi dariya, domin gaskiya haka muka tashi: in baƙi za su zo, maƙwabta ke rufa maka asiri da kujera da kwano. Sharaɗi biyu kawai ya kafa. A ɓamɓare takardun tallan shagon da ke manne a jikinsu, kuma a shigo da su ta ƙofar baya lokacin da maigadi ya tafi masallaci. Na ji abin bai kwanta mini ba, amma na haɗiye shi tare da lemon.

Ɗan gwaggon nan nawa taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya. Da albasar da yake tarawa a rudu, wato rumbun albasa, shekara da shekaru ya sayi kwamfutocin, na hannu, ɗaya bayan ɗaya, kuma da su yake ciyar da iyalinsa da gwaggo: buga takardu, da yi wa yara rajistar jarrabawa, wadda lokacinta ya ƙarato. Da na gaya masa sai ya kwashe da dariya, ya ce ashe masu boko ma suna zuwa bara gun manoma. Shi da kansa ya nemo a-kori-kura, ya naɗe kowace da bargo. Da ya ga ina ta zufa ya dafa ni ya ce da harshenmu na gida, "Mi kaka tsoro, bawana? Aro na, ba sata ta ba."

Ranar da baƙin suka zo, shugaba ya wayi gari da ciwon maƙogwaro, wai ko magana ba ya iyawa, don haka ni aka tura gaba. Ni na zaga da su, ni na kunna, ni na buɗe baki na ce waɗannan su ne aka saya da tallafinsu. Suka yaba, aka ɗauki hotuna. Ina murna an gama, sai wata mata a cikinsu ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan inji mai kama da alƙalami. Ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya tana ƙwarzana musu lambar aikin a jiki, kamar yadda ake yi wa shanu. Ta yi bayani cikin ladabi cewa haka ƙa'idarsu take, daga yau kayan aikin ne, ba sa fita daga ɗakin. Na juya ina neman idon shugaba. Yana tsaye a bakin taga, ko alamar mamaki babu a fuskarsa.

Baƙi na fita aka rataya wa ƙofar sabon kwaɗo, wanda ban san lokacin da aka sayo shi ba. Shugaba, wanda muryarsa ta dawo garau, ya ce in yi haƙuri, namu na isowa za a san yadda za a yi. Makonni suka wuce. Da na matsa, na ce zan faɗi gaskiya, sai ya tambaye ni a hankali wane ne ya shigo da kaya ta ƙofar baya, wane ne kuma ya tsaya gaban baƙi ya ce na gidauniya ne. Ya ce shi dai kowa shaida ne ranar ko magana bai yi ba. Nan na gane zanen aro ba ya rufe katara, nawa ma tuɓe ni ya yi a kasuwa.

Ɗan gwaggona ya yi ta zuwa, tun yana wasa har ya daina. Ba shi da wata shaida cewa kayan nasa ne, alamar da ke jikinsu kuwa ni na ɓamɓare ta da farcena. Lokacin rajista ya zo ya wuce shagonsa na rufe, abokan cinikinsa suka koma wani wuri. A cikin dangi aka fara raɗa cewa sayarwa na yi muka raba da manya. Gwaggo ta kira ni, ba ta yi faɗa ba, ta ce in dubi Allah in gaya mata ko gaskiya ne. Na rantse, ta ce ta ji, amma na ga ba ta yarda ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Daga baya ya saki shagon ya koma kabu-kabu da babur tsakanin Jega da Aliero. Gidauniya kuwa ta gamsu da aikinmu, ta saki kaso na biyu.

Har yau ban sani ba ko tun farko an shirya abin ne, amma zuciyata ta daɗe da yanke hukunci. Abin da na koya shi ne, aron da ake yi don a rufe idon mai bincike ba rufin asiri ba ne, yaudara ce, ko da kuwa da tabarmar suna aka kwatanta maka shi. 'Yan'uwana ƙananan ma'aikata, in babba ya fara yabonka ba gaira ba dalili, ka tsaya ka duba. In ya ce ka bi ta ƙofar baya, ka tambaye shi me ya sami ta gaba. Kada kuma ka sa abincin ɗan'uwanka a cikin aikin da ba ka ga ƙarshensa ba. Ni ban iya barin aikin ba, ina da iyali. Kwanan baya wata ɗalibata ta ce mini mai babur ɗin da ya kawo ta, da ya ji inda za ta, ya ƙi karɓar ko sisi, sai dai ya tambaye ta ko kwamfutocin makarantarsu suna aiki lafiya. Ta ce masa lafiya lau, malaminsu yana kula da su sosai.