Kawu Idi, Wakilin Inna

Ina ba Inna koko aka aiko daga Makoda cewa Allah ya yi wa Kawu Idi rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban faɗa wa kowa ba, amma tsoro ne ya riga kuka zuwa mini: yanzu wa zai riƙa tambayar Inna abin da take so?

Inna kakata ce, ita ta haifi Baba. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya yi nauyi, ni kaɗai nake gane maganarta sosai. Kawu ƙanenta ne. Shi aka yi wa takardar wakilci a kotu, yake karɓo mata tallafin gwamnati. Bai taɓa zuwa karɓa ba sai ya tsuguna gabanta ya ce, "Yaya, me za a yi da shi?" Sannan ya juyo gare ni: "Malama tafinta, bismillah." Yakan ce, "Bakinta ne ya gaji, hankalinta yana nan."

Daminar bara aka ba Inna buhun taki. Baba ya tare Kawu a zaure ya ce, "Kawu, ai takarda tana hannunka. Ka ce kawai a zuba a babbar gona."

Kawu ya ce, "Ni ɗan aike ne, Sani. An ce in karɓo, ba a ce in raba ba. Tashi mu je wurin mai kaya."

Suka shigo. Inna ta yi magana, kowa ya zuba mini ido. Ban taɓa ɗaga murya gaban Baba ba. Na sunkuyar da kai, Kawu ya ce, "Ba mu ji ba, tafinta. Ko ke ma a nemo miki tafinta?"

Na ce, "Ta ce a kai gayaunarta, 'yar gonarta ta kanta, gyaɗa za ta shuka. Ta ce kuma ita ta koya wa Baba riƙon fartanya."

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. A ransa shi ma ya fi son babbar gonar, ya faɗa mata haka a gabanmu. Da ta girgiza kai, ya ɗora buhun a babur ya kai gayauna da kansa. Gyaɗar ta yi kyau, har Baba ya kawo wa Inna wadda aka fara cira ta taɓa da hannunta mai lafiya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna da iyalansa haƙuri, ya raya marayun da ya bari.

Bayan sadakar bakwai maza za su zauna a zaure su zaɓi sabon wakili. Ba a kira ni ba. Na riga na roƙi wana, Yaya Musa, ya taya ni ɗauko Inna zuwa zauren, kuma a gefenta zan zauna.