Ruwan Makuba a Danau Kota

Ba son tukwane ya kai ni ba, sanyin esi ne da shayin kyauta. Wata Asabar ce a Danau Kota, unguwar da nake zaune a ƙasar waje, aka ce wata malamar zane da ta yi ritaya za ta yi jawabi a zauren ƙasan benenmu. Muka sauka ni da maƙwabtana biyu, Kanawa, 'yan boko tun daga kakanni. Su a saninsu mahaifiyata 'yar kasuwa ce. Ni na gaya musu haka tun zuwana.

Tsohuwar 'yar tsurut ce, amma murya kamar ta mutum uku. Ta ɗaga wani tulu ruwan ƙasa, jikinsa gurza-gurza kamar ɓawon lemo. Ta ce mutanen da, in wutar gashi ta kai maƙura, sai su watsa gishiri a ciki. Gishirin ya zama tururi, ya bi jikin tukunya ya ba ta ƙyalli, ruwa ba ya ratsa ta. Ni kuwa na san zafin irin wannan wutar a fuska.

Sai ta nuna hoton wata randa baƙa mai sheƙi. Ta ce daga arewacin Nijeriya take, kuma ta daɗe tana son sanin abin da ake shafa mata, tunda ba gishiri ba ne. Ta dubi layinmu. "Ko cikinku akwai mai sani?"

Makuba ce. Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa a dafa, a yayyafa wa tukunya tana fitowa daga wuta tana huci. Tun ina ƙarama nake taya Inna wannan aikin, ginin tukwanenta ne ya kai ni jami'a.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan nawa ta fashe da dariya. "Wannan ai aikin 'yan ƙauye ne, lah," in ji ta, tana kwaikwayon salon maganar 'yan ƙasar.

Na taya ta dariyar. Na ce wa tsohuwar ban sani ba. Ta gyaɗa kai, ta wuce hoto na gaba. Kunya ta rufe ni, irin wadda ba ka da wanda za ka gaya wa.

Washegari na kira Inna. Bakina da ba ya iya shiru ya ba ta labarin tsohuwar da gishirin. Ta yi ta al'ajabi, tana tambaya ko tukunyar ba ta tsagewa. Can ta ce, "To, ke kin gaya mata yadda muke yi da makuba?"

"Na gaya mata, Inna."

"Madalla. Allah Ya yi miki albarka."