Amshin da Ban Rubuta wa Kawu Ba

Kawuna, yayan mahaifiyata, makaɗin noma ne. A wani ƙauye yake zaune bayan garin Keffi, inda hanyar mota take ƙarewa sai dai babur. Tun da na san shi aikinsa ke nan: idan an yi gayya manoma su jeru a bakin kunya, shi kuma ya rataya ganga ya bi bayansu, yana kiran kowa da gidansu har rana ta take.

Shekarar da ciwon ƙirji ya kama shi, aka kawo shi asibiti. Da aka sallame shi sai ya zauna gidanmu a Angwan Iya, don ya riƙa komawa ganin likita. Ni kuwa a lokacin ina kwafar littattafan addini, ina kuma rubuta wa tsofaffi wasiƙa da ajami. Wata rana bayan la'asar ya zauna kusa da ni a zaure, ya daɗe yana kallon hannuna.

Ya ce, "Malam, wannan rubutun naka, maganar malamai kaɗai yake ɗauka, ko yana ɗaukar ta manomi?"

Na ce, "Kawu, me za a ɗauka?"

"Babbar waƙar. Ɗan'uwanka, ɗan nan nawa, ya iya ganga, amma kansa rariya ne, ba ya riƙe baiti. In na tafi, ta tafi."

Babbar waƙar ita ce ta gidajen ƙauyensu. Ana bin su ɗaya bayan ɗaya, a faɗi wanda ya fara sare dajin, da inda gonarsa ta tsaya, da yadda ya ciyar da mutane shekarar fari. Na ce ya ba ni lokaci. Mahaifina bai taɓa yarda a buga ganga a ƙofar gidansa ba, kuma a hannunsa na yi karatu. Na kwana biyu ina juya abin. Na duba, babu batsa a ciki, babu zagin kowa, sai ambaton mutanen da suka ci da guminsu. Na amince. Amma na ajiye alƙalamin kara da tawadar da nake rubutun addini da su, na sayo littafi da biro.

Kawu ba ya iya waƙa a zaune shiru. Sai ya riƙa dukan ƙasa da sandarsa kamar saran garma, in na gaggauta shi ya ce, "Sannu dai, Malam, kunyar da tsawo." Bayan kowane baiti yakan sauke murya, ya yi wani ɗan gajeren gunguni da kari iri ɗaya. Na ɗauka amshi ne. A rubutattun waƙoƙin da na saba da su, amshi sau ɗaya ake rubuta shi a sama, daga nan sai alama. Saboda haka na rubuta na farkon, sauran kuwa na riƙa zana ɗan da'ira in wuce. Kullum in mun tashi sai ya tambaya, "Ka sa duka?" In ce, "Duka, Kawu." Shi ba ya karatu. Kwana tara muka yi.

Ya rasu da bazara, kafin ruwan farko. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa.

Da damina ta zauna sai ɗansa, taubashina, ya zo. Ya ce za a yi gayya a gonar marigayi, ko da yake yanzu feshin maganin ciyawa ya rage gayya ƙwarai. "Malamin birni, kar ka tsorata, ba garma za mu ba ka ba. Ka zo da littafinka, kai ka karanto, ni in ɗaga."

Na je. Na tsaya a bayansa cikin dawa, ina karanto baiti yana ɗagawa. Gida na farko, mutum uku suka amsa da abin da na rubuta, zuciyata ta kwanta. Gida na biyu, wani dattijo ya amsa, amma da wasu kalmomi daban. Na uku ma haka. Da aka zo na huɗu, ba wanda ya amsa. Taubashina ya waiwayo, hannunsa na kan ganga.

"Karanto nasu. Mutanen gidan sun tashi da daɗewa, Baba ne ke amsa musu."

Na duba takarda. Da'ira ce kawai.

A nan bakin kunya aka yi mini bayani. Kowane gida da amshinsa, kuma na masu gidan ne, makaɗi ba ya ɗaga murya da shi. In gida ya watse, makaɗi ne ke faɗar amshin a hankali a madadinsu, don kada a tsallake su kamar ba su taɓa noma ƙasar ba. Abin da Kawu yake yi ke nan a zaurena, ni kuwa ina zana da'ira. Taubashina bai taɓa jin su sosai ba, domin ƙarar ganga na kunnensa.

Na faɗi gaskiyar abin da na yi. Ba wanda ya yi mini faɗa, da ma an yi da ya fi mini sauƙi. Dattijon nan ya ce, "To, buga ta wuce wurin, mu ma mu sara mu wuce." Gida biyar muka wuce a haka ranar.

Bayan na dawo na shiga neman zuriyarsu. Na sami jikan gida ɗaya yana kanikanci a Sabon Gari. Ya fito daga ƙarƙashin mota, ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Wallahi Baba, ko inda gonar take ban sani ba." Wata tsohuwa da aka auro zuwa unguwar Yara ita ce ta tuna amshin gidan iyayenta, shi ma sai da ta miƙe tsaye ta sunkuya kamar mai shuka. Na sa ta maimaita sau uku, na rubuta shi harafi da harafi.

Huɗun da suka rage ban same su ba har yau, ina kuma neman gafarar Allah kan kalmar "duka" da na riƙa faɗa wa mara lafiya ba tare da na tambaye shi ba. Idan an yi gayya aka zo kansu, taubashina yakan kira gidan, ya buga gangar, manoma su sara ba su ce komai ba, sannan a shiga gida na gaba.