Ranar da Aka Yanke Mini Murfin Buwatiye a Adjamé

Kai, jama'a, ku bari kawai! Yanzu ma da na zauna rubutawa sai da na ji wuyana ya ɗau zafi. Shekaru sun shuɗe, amma ko me zan manta a duniya ban da abin da aka yi wa buwatiyena a Adjamé, unguwar babbar kasuwar Abidjan. Buwatiye, ga wanda bai sani ba, shi ne akwatin ƙarfen da ake jera kayan cikin kwamfuta. Kuma nawa ba irin dogon nan da kuke gani a ofis ba ne.

Bari in koma baya kaɗan. Ni ba wanda ya koya mini haɗa kwamfuta, a waya na koya, ina kallon bidiyo ina tsayarwa ina maimaitawa har Maman ta ce idona zai tsiyaye. Burina ɗaya ne lokacin: in haɗa ƙaramar kwamfuta ta salon, wato falo, a jona ta da talabijin. Finafinan Hausa na Maman, karatun malaman da Baba yake saurare, bidiyon bukukuwan da dangi suke turo mana daga Nijar, duk su taru wuri guda, mutum na zaune kan kujera yana dannawa.

Da na kai wa Baba maganar, bai ko ɗago daga shayinsa ba.

"Salona ba shagon intanet ba ne," ya ce. "Ka ga ramin nan na kabad, inda tsohon dekoda yake? In abin naka ya shiga nan ya zauna shiru, to. In bai shiga ba, ɗakinka. Kuma sau ɗaya za ka gwada mini, ba na son yau wayoyi gobe wayoyi."

Wanda ya san Baba ya san ba ya maimaita magana. Ramin nan kuwa faɗi gare shi amma ba tsayi. Na auna shi, na sake aunawa, har na haddace.

Na sha yawo kafin in samu buwatiyen da zai shiga. Adjamé kaf na zagaye, kowa sai ya nuno mini manyan nan na 'yan wasan gem, masu gilashi da fitilu kamar motar amarya. A Treichville na same shi, a shagon wani mai kayan France au revoir, tsofaffin kayan Turai ke nan, an ɗora masa tukunyar dafa shinkafa ta lantarki a kai. Kwance yake, baƙi wuluk, fuskarsa alminiyam mai santsi, sai ka rantse amplifayar kiɗa ce. Na zaro mitata ta awo na auna. Daidai! Har da ɗan sarari a sama don iska. Mai shagon ya ce shi kaɗai ya taɓa shigo masa. Da zan koma gida, a jirgin ruwan ƙetare tafki, rungume shi na yi a ƙirji, har wata mata ta tambaye ni ko jariri ne.

To, ga inda mutane ba sa ganewa. Buwatiye siriri ba kowane kaya yake ɗauka ba. Kart mer ɗinka, wato babban allon da komai yake hawa kai, dole ya zama ƙarami. Wannan na samu, na ɗaura da kaina, na samu akwatin wuta ɗan daidai shi ma. Saura abu biyu: kart grafik gajere, allon da ke fitar da hoto, irin mai rabin tsayi, da fankar furosesa mai kwanciya kamar faranti. In ka sa masu tsayi, murfi ba zai rufu ba. Shi ke nan fa maganar, ba wani boko a ciki.

Baba ya ce, "Ga kawunka da shago a kasuwa, za ka kai wa bare?"

Kawun nan ba ƙanin Maman ba ne, abokin Baba ne, garinsu ɗaya, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Shagonsa na can wajen Bracodi, cike da caja da allon waya da tsofaffin kwamfutoci. Na je ranar wata Juma'a da buwatiyen a cikin bargo. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, sannan na buɗe na yi masa bayani tiryan-tiryan. Na nuna masa tsayin da mita. Na ce gajere, Kawu, gajere nake so.

"Petit, tun ba a haife ka ba nake taɓa inji," ya ce. "Akwai su a magaza, can ɗakin ajiya. Bar shi nan, in an sauko daga masallaci ka dawo."

"Kawu, amma ka tabbata za su shiga?"

Ya yi dariya, ya bubbuga murfin da tafin hannu. "Ça rentre! Zai shiga mana."

Ku da ba 'yan Abidjan ba, ku tsaya in faɗa muku. Wannan kalma ita yaran gbaka, ƙananan bas ɗin haya, suke faɗa in motar ta cika maƙil, mutane har bakin ƙofa, su kuma suna tura ka ciki da gwiwa. A Adjamé "zai shiga" ba ya nufin akwai wuri. Yana nufin za a tura. Amma wa zai zaci dattijo mai carbi zai yi wa kwamfuta lodin gbaka?

Na yi salla, na tsaya na ci garba, dambun rogo da kifi, ina ta murmushi ni kaɗai ina hango fuskar Maman. Da na dawo, tun daga nesa na hango Kawu tsaye bakin shago yana washe baki.

"Zo ka ga aiki!"

Wallahi da farko ban gane abin da nake kallo ba. Buwatiyena ne a kan tebur, a kunne, yana gurnani. A tsakiyar murfin an huda rami mai kusurwa huɗu, wata ƙatuwar fanka mai tsayi ta leƙo ta ciki kamar bututun gidan burodi. A gefe an tsaga wata doguwar kafa, kan kart grafik ya fito waje. Bakin yankan duk ya ƙone, baƙin fentin ya kwaile, garin ƙarfe a ko'ina. Ashe gajerun babu su a magaza. Sai ya ɗauko manya, da murfin ya ƙi rufuwa ya miƙa wa mai walda na bayan layi ya sa masa injin yanka.

"Kawu, me ke nan?"

"Wanda ka ce ƙarami ne, ba ƙarfi. Wannan ya fi shi nesa. Har ka samu iska kyauta."

"Na ce maka gajere! Na nuna maka da mita! Wa ya ce ka yanke?"

"Kai, a hankali. Me ka tambaye ni da safe?"

"Na ce za su shiga?"

"To, ba su shiga ba?"

Nan fa kaina ya buga. Ban san sanda Hausata ta ƙare na koma Faransanci ba, don in raina ya ɓaci a can bakina ya fi sauri. Na ce ya kashe mini kaya, na ce wannan aikin mahauta ne, na ce ko a Turai yanzu ba a yin irinsa. Maƙwabtan shago suka taru. Wani Bajule mai sayar da belun kunne yana ta ba ni haƙuri da Julanci, "sabari, sabari", wani kuma ya leƙa ramin ya ce ai ya yi kyau, kamar na 'yan gem. Shi kuwa Kawu ko a jikinsa. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya ɗauko guntun ƙarfen da aka yanke, ya sa a leda ya miƙo mini.

"Riƙe, naka ne. Mu ba ma cin haƙƙin mutane."

Kafin in isa gidanmu a Liberté labari ya riga ni. Na tarar da Baba zaune a salon, waya a hannu, Maman tsaye bakin kicin ta kama haɓa.

"Gwada," ya ce.

"Baba, ai ka ga abin da ya..."

"Na ce gwada."

Na durƙusa gaban kabad na tura. Gaba ya shiga sumul, yadda na auna, sai fankar nan ta daki katakon sama, ƙwas. Na karkata shi, na danna, ina! Maman ta ce a hankali ko a ɗora shi a sama ta rufa masa ɗan kyalle mai ado. Baba ya ce salonsa ba gareji ba ne.

"Ɗakinka. Gobe kuma ka je ka ba kawunka haƙuri. A gaban Julawa ka ɗaga masa murya, da Faransanci, kamar ba ɗan Hausawa ba."

Wannan ya fi yankan ciwo. An lalata mini abin da babu na biyunsa, an hana ni salon, kuma ni ne mai laifi! Na koma Treichville neman wani murfin har mai shagon ya gaji da ganina. Na canza fankar da kart ɗin daga baya, na toshe ramukan da raga, amma Baba ya ce ya riga ya gama magana. Kwamfutar nan ba ta taɓa kwana a salon ba. Maman ta ci gaba da kallon finafinanta a waya tana matse ido.

Haƙurin kuwa na je na bayar, don ba ni da yadda zan yi. Na durƙusa a wurin da garin ƙarfen bai gama sharuwa ba, na ce Kawu a yafe mini. Ya dafa kaina, ya ce ba komai, ƙuruciya ce. Har na miƙe zan tafi sai ya kira ni.

"Petit. Amma tsakaninka da Allah, ya shiga ko bai shiga ba?"

Na ce ya shiga, Kawu.

Abin da na koya ke nan, kuma kyauta nake ba ku: in za ku sayi kayan buwatiye siriri, kada ku kuskura ku tambayi mai shago ko zai shiga. A garin nan komai yana shiga. Ku tambaye shi ko murfi zai rufu, kuma ku tsaya a kansa har ya ɗaure sukurun ƙarshe, ko da kawunku ne, musamman ma in kawunku ne. Ku fa, wane ɗan'uwa ne ya taɓa yi muku irin wannan taimakon? Ku faɗa mini, ko zuciyata ta ɗan yi sanyi.