Saura Igiya Ɗaya

"Na ce ki ɗauke min kwanon nan!" Sai ƙarar kwano a jikin bango, sai muryar Na'ima ƙasa-ƙasa: "Yi haƙuri, Malam."

'Yardada tana tankaɗe a tsakar gidanta. Katanga ce kawai tsakaninta da ƙaninta Hambali, mijin Na'ima. Ta saki rariya ta kasa kunne. Zagin bai dame ta ba, kalmar saki take tsoro. Sau biyu yana furta ta cikin hargagi, sau biyu yana mai da matarsa yana kuka. Igiya ɗaya ta rage wa auren.

Hambali marini ne a Ƙofar Mata, shuɗin baba bai taɓa barin faratansa ba. A da, in masu rini suka kaure da faɗa, shi ake kira ya raba, har tsokanarsa suke wai ba shi da zuciya. Sai bara adaidaita sahu ta kwashe shi a Ƙofar Nassarawa, goshinsa ya daki kwalta. Ciwon ya warke, amma wani mutum daban aka dawo da shi gida.

Likita ya nuna wa 'Yardada hoton kansa. Ya ce can cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗan wurin da ke kunna fushi, sashen goshi kuma shi ke taka masa birki, to nan ɗin ne ya bugu. Ta gane sarai. Amma da ta dawo unguwa, aljani ta ce wa mutane, ta tara malamai aka yi ta ruƙiyya. Aljani dai ana fitar da shi. Goshi kuwa, likita bai yi mata alkawarin komai ba.

Hargagin ya tsaya. Shirun ya fi ba ta tsoro. Ta fita ko mayafi babu, sai ta ci karo da shi a ƙofar zaurenta, riƙe da hannun Na'ima.

"Ka faɗa?" in ji 'Yardada. "Hambali, don Allah, ka faɗa?"

Ya girgiza kai. Leɓensa na jini, ya cije shi har ya fashe. Ya tura matar cikin zauren, shi ya tsaya a waje.

"Yaya, ki ajiye min ita a wurinki. Ko na zo ina roƙo, kada ki buɗe. Ina jin kalmar tana tahowa, ni kuma ba na iya tare ta."