Gudumar Baba Nwankwo

A Sabon Gari aka haifi Baba Nwankwo, a gidajen ma'aikatan reluwe, kuma Hausarsa ta fi tawa daɗin ji. Aikinsa a tashar jirgin ƙasa ta Zariya shi ne ƙwanƙwasa ƙafafun jirgi. Idan jirgi ya tsaya, sai ya bi taragu da wata guduma mai doguwar ƙota, yana bugun kowace ƙafa yana kasa kunne. Lafiyayyen ƙarfe yakan amsa da ƙara mai tsawo. Wanda ya tsage kuwa, ƙararsa a mace take fitowa.

Da jiragen fasinja suka yi ƙaranci, ya yi ritaya ya koma Muchia da gudumarsa. Cocinmu ɗaya. A nan ya ɗora wa kansa wani aiki: duk wanda zai yi tafiya a cikinmu, shi zai raka shi tashar mota a Kwangila ya zaɓa masa mota. Yakan zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙarfen kowace taya. 'Yan kamasho sun saba da shi.

"Ga Baba Reluwe! Direba, fito da katin asibitin motarka."

"Ku yi ta dariya," yakan ce musu. "Ƙarfe bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ku ne dai."

'Yata Christabel ta gama jami'a, aka kira ta ganawar neman aiki a Kaduna. Ranar ina da aji a makarantar da nake koyarwa a Samaru, don haka shi ya raka ta. Ya buga motar da ke kan layi, ƙararta ba ta yi masa ba, ya ce ta sauko ta jira ta baya. Ta bayan ce tayarta ta gaba ta fashe bayan an wuce Jaji.

Bai zo wurin binne Christabel ba. Ya daina zuwa coci. Maƙwabciyarsa Clementina ta ce mini ya rufe kansa a ɗaki, abincin da take miƙa masa yakan dawo kamar yadda ya tafi. Na saurare ta. Ban ji haushinsa ba, ban kuma ji tausayinsa ba. A lokacin ina zuwa aji, ina duba takardun yara, ina dawowa gida. Abin da nake iyawa ke nan.

Da aka aiko cewa in je Kaduna in karɓi jakar Christabel, sai na hau keke napep zuwa Muchia. Na same shi a bakin gado, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Rediyo na kunne. Ana cewa gwamnati ta ware kuɗi don faɗaɗa zirga-zirgar jiragen fasinja tsakanin birane. Muka saurara har mai labarai ya koma kan wani batu.

"Tun Christabel tana firamare nake ce mata jirgi zai dawo," in ji Baba Nwankwo, "ni zan zaunar da ita kusa da taga."

Ya kashe rediyon.

"Maman Christabel, ni na sauke ta daga motar farko. Motar farko ta isa lafiya."

"Na sani, Baba."

"Roba ba ta amsawa. Duk shekarun nan ƙarfe nake saurare, alhali roba ce ke taka titi."

Ban ce masa ba laifinsa ba ne. Na san wasu sun faɗa masa, kuma bai sa ya ci abinci ba.

"Gobe zan je karɓo jakarta," na ce. "Ban iya zaɓen mota ba."

"Ni ma ban iya ba."

"To, ka zo mu tsaya tare."

Na yi masa sallama na tafi.

Da safe na tarar da shi a Kwangila, hannunsa babu guduma. Wani ɗan kamasho ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, ya kalle ni, ya fasa. Baba Nwankwo ya buɗe mini ƙofar motar da ke kan layi. Bai zagaya ta ba. Ya leƙa ta taga ya ce wa direban, "Ɗana, ka bi a hankali."

Da na dawo bayan la'asar, yana nan a kan bencin 'yan kamasho, da ɓawon gyaɗa a gabansa. Ya miƙe ya karɓi jakar Christabel daga hannuna. Baƙa ce, ƙarama, zif ɗinta ya lalace. Ya rungume ta a ƙirji don kada kayan su zube, muka tsallaka titi neman motar Samaru.