Baba Siddo da Allurar da ta Tsayar da Yayana

Kullum da hantsi Baba Siddo yakan buɗe ɗan shagonsa na bayan tashar manyan motoci a Gaya. Sai ya share, ya yayyafa ruwa, sannan ya dafa ƙofar ƙarfe da tafukansa biyu kafin ya taɓa cikin kowace ordinata, wato kwamfuta. Na daɗe ina zaton addu'a yake yi. Ashe wutar jikin mutum yake saukewa, don ita kaɗai tana iya kashe na'ura. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai rufe, ya koma garinsu Tunuga, saboda yanar ido ta soma rufe masa gani.

Yayana Nasiru direban kamyo ne, wato babbar motar kaya. Da aka rufe kadarkon Malanbil aiki ya tsaya, sai ya soma zancen hanyar Agadas da abin da ke bayanta. Abokinsa Idi ya bi ta, har yau ba labarinsa. Inna ta daina gama tuwonta. Dabara ɗaya ta rage wa Yaya: ya haɗa ordinata mai ƙarfi, ya buɗe ɗakin wasannin ordinata.

"In ta tashi, na zauna," in ji shi. "In ba ta tashi ba, kada wanda ya riƙe ni."

Na raka shi shagon don zaɓen kart-mer, wato allon da sauran kayan duka suke zama a kansa. Yaya ya miƙa hoton wani mai fitilu ja da kore.

"Direba, allo kake nema ko motar biki?" Baba ya tambaye shi. "Ramin memuwar, ma'ajiyar tunanin na'ura, biyu kacal gare shi. Baɗi in wasanni sun yi nauyi, a kunnenka za ka ƙara? Kuma an daina ƙera purosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, mai shiga mazauninsa."

Ya nuna wani baƙi, marar ado, mai rami huɗu, mai ƙarafan shan zafi, don ya san bazarar Gaya. "Ka duba da kyau. A kwale-kwale zai ƙetaro, kuma abin da ya ƙetaro ba ya komawa."

Allon ya iso ranar Juma'a, shago a rufe. Yaya ya kasa haƙuri. Ya ɗora purosesa, bai zauna ba, sai ya danna da babban yatsa, yadda ya saba yi wa kayan kamyo in sun yi gardama. Ƙananan ƙafafun mazaunin, masu sirancin gashi, suka lanƙwashe guda bakwai. Ranar na ga jakarsa a ɗaure ƙarƙashin gado. Ban faɗa wa Inna ba.

Washegari Baba ya duba allon, ya duba Yaya. "Ja'iri, da ka ɗauko guduma ka huta."

Ya ja kujera bakin ƙofa inda rana take, ya zaro allura. Na ga yana lalube.

"Rahinatu, ɗiyata, zo ki ara mini ido."

Na riƙe gilashin ƙara girma. Ya gaya mana gaskiya: ƙafa ɗaya in ta karye, allon ya mutu. Ni ina cewa hagu kaɗan, ya isa, shi yana tura allura kamar mai cire ƙaya daga idon jariri. A ta biyar ya tsaya, ya share gumi, ya ce wa Yaya, "Matsa daga kaina, numfashinka ma nauyi gare shi."

Da ya miƙar da ta bakwai, ya haɗa komai ya danna, fanka ta juya, ta tsaya. Gilashin kallon ordinatar baƙi ƙirin. Yaya ya juya wajen ƙofa.

"Ina za ka? Gaisawa take yi da memuwar."

Sai haske ya fito. Yaya ya zauna daɓas a ƙasa.

Baba Siddo, kai ne mai sanyin hannu. Kai ne kake duba baɗin mutum tun yana rawar jikin yau. Tela maƙwabcinka ya shaida sau nawa ka kori ciniki don kada a sayi abin da zai tsufa cikin shekara. Ba ka san da jakar ba, amma ka kwance ta.

Tsorona bai ƙare ba. In ka rufe ƙofar nan, wa zai riƙe allura a garin? Samarin Gaya, saura kwana goma sha ɗaya. Ku je ku zauna gabansa, ku koyi dafa ƙofa da tambaya kafin saye. Mun gode, Baba, Allah ya buɗe maka ido, ya saka da alheri.

Jiya na leƙa cikin ordinatar. Rami biyu suna nan babu komai. Yaya ya ce baɗi zai cika su.